Ƙullutun Hammata: A Duba Kafin A Yanka

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, idan ƙullutu ya fito wa mutum a hammata, sunan da aka fara laƙaba masa shi ne ke zaɓa wa mai shi ƙofar da zai ƙwanƙwasa. In an ce maruru ne, sai a jira ya nuna, a kira wanzami ya yi sakiya. In an ce kaluluwa ce, sai a nemi raunin da ya jawo ta a yatsa ko a dantse, a shafa man zafi, a yi haƙuri. In kuwa wata tsohuwa ta latsa ta ce ai kitse ne, to an rufe magana ke nan, mai abin ya ci gaba da harkokinsa shekara biyar ko goma, yana ɗan buɗa hannu in zai sa riga. Sau da yawa tsohuwar ta yi gaskiya. Wahalar ita ce ranar da ta yi kuskure ba ta da hanyar sani, kuma lokotoron da ya ƙare makarantarsa, in aka bar shi da yatsunsa kaɗai, shi ma yakan kuskure. Shi ya sa filin lafiya na wannan mako zai duba ƙarin kitse na hammata, da na'urorin da ke leƙa cikinsa ba tare da an tsaga fata ba, da kuma wadda ya kamata a fara da ita.

Da farko dai, hammata ba wurin wasa da aska ba ce. Ta nan babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta wuce, ta nan wadda ke mayar da shi zuciya ta dawo, kuma a jikinsu damin jijiyoyin da ke motsa yatsu da sa su ji taɓi yake kwance. A tsakanin waɗannan akwai wasu ƴan ƙwayoyi kamar wake, daga 20 zuwa 40 a kowace hammata, masu tace ruwan jikin da ke dawowa daga hannu da ƙirji da nono. Su ne in sun kumbura ake ce wa kaluluwa. Duk wannan kaya an cusa shi cikin kitse a wurin da bai fi tafin hannu faɗi ba. Wanzami gwani ne a kan ƙaho da kaciya da aski, ba mai musun haka, amma askarsa ba ta da ido. In ta zarce kaɗan a wannan wuri, ko jinin da ba ya tsayawa da toka da tsumma, ko hannu ya shanye. Manomin da hannunsa na dama ya shanye ya rabu da hauya, ma'aikacin ofis ya rabu da alƙalami.

Abubuwan da ke kumbura hammata suna da yawa, kuma mafi yawansu ba kitse ba ne. Maruru shi ne mafi sauƙin ganewa, domin kwana kaɗan yake yi ya yi ja ya yi zafi, sau da yawa bayan an aske gashin wurin. Kaluluwar da rauni ya jawo tana sauka cikin mako biyu ko uku bayan raunin ya warke. Jariri yakan yi ta a gefen hannun da aka yi masa allurar BCG, kuma galibi tana bajewa da kanta. Tarin fuka, wanda jama'a suka ɗauka a huhu kaɗai yake zama, yakan sauka a waɗannan ƙwayoyi, ya haɗe su wuri ɗaya, wani lokaci su fashe su yi ta tsiyaya wata da watanni. A ƙasar kiwo kamar Tarka da Tenhiya ya kamata a tuna cewa nonon saniya mai cutar, in ba a dafa shi ba, yana kawo irin wannan, musamman a wuya. Maganinsa na wata shida ne, kyauta a likitar gwamnati. Cutar sida ma tana kumbura su. Akwai kuma matan da aka halitta da ragowar naman nono a hammata, wajen mace 2 zuwa 6 cikin 100, wanda ba ya nuna kansa sai ciki ya zo ko shayarwa, ya cika ya yi tsami kamar nonon kansa. Sa'an nan akwai wadda ake tsoro, wato sankarar nono, wadda hammata ce zangonta na farko idan ta tashi yaɗuwa, har wani lokaci kaluluwar ce ake fara ji tun kafin a ji komai a nonon.

To sai ƙarin kitse. Lokotoro suna kiransa lipom. Kitse ne na gaskiya, irin wanda mahauci ya sani, rawaya mai laushi, sai dai ya taru wuri ɗaya cikin wani tantani siriri, yana girma sannu a hankali. A cikin dukan ƙarin da ke fitowa a naman jiki babu wanda ya kai shi yawa: ana ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 100 yana da shi, galibi masu shekara 40 zuwa 60. Ba ya ciwo, yana zamewa ƙarƙashin yatsa, ba ya yaɗuwa, kuma mai ƙiba ko ya rame shi yana nan yadda yake. Wuraren da ya fi so su ne baya da kafaɗa da ƙeya da cinya. A hammata bai cika zama ba, amma in ya zauna yakan samu fili, domin wurin kwari ne mai ɓoye kaya, kuma motsin hannu ba ya barin a lura da wuri. Likitoci suna kiransa ƙato in ya wuce santimita 10 ko ya kai kilo guda, kuma a ƙauyukan da likita ke nesa irin waɗannan ƙattin ne suka fi isa gaban mai fiɗa, bayan sun fara danne jijiya, yatsu suna mutuwa, ko hannu yana kumbura.

Akwai wani ɗan'uwansa da ba a cika gani ba, wanda lokotoro zai iya yin ritaya bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Kitsen jikin ɗan Adam iri biyu ne. Na farko shi ne farin da kowa ya sani, rumbun jiki, kamar tozon raƙumi. Na biyu jan kitse ne, wanda aikinsa ƙonewa ne don ya ɗumama jiki, kuma jansa ya zo ne daga yawan ƙananan jijiyoyin jini da ƴan murhunan da ke cikin ƙwayoyinsa. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Konrad Gesner, ya bayyana shi tun 1551 a jikin wata dabba ta duwatsun ƙasarsu mai kwana dukan lokacin sanyi a rami. Jariri sabon haihuwa ba ya iya rawar ɗari kamar babba. Abin da ke riƙe shi cikin sanyin hunturun Damargu, ban da ƙirjin uwa da zane, shi ne wannan jan kitse da ke tsakanin kafaɗunsa da wuyansa da hammatarsa, wanda ya kai wajen kashi 5 cikin 100 na nauyinsa. Yayin da yaro ke girma sai ya yi ta raguwa. An daɗe ana zaton babba ba ya da shi sam, sai a 2009 wasu bincike uku da aka buga tare a wata mujallar likitoci ta Amurka suka tabbatar da cewa yana nan a jikin manya, yana aiki, musamman in sun ji sanyi.

Ƙarin da ke tasowa daga wannan kitse shi ne hibarnom, sunan da aka ciro daga kalmar Latin mai nufin lokacin sanyi. Bajamushe Merkel ya fara bayyana shi a 1906, Bafaranshe Gery ya raɗa masa suna a 1914. Don a gane ƙarancinsa: a 2001 wasu masu binciken nama na cibiyar sojojin Amurka da ke Washintan suka tattara duk wanda ke cikin ajiyarsu ta shekaru da dama, suka samu 170 kacal. Matsakaicin shekarun masu shi 38, wato matasa ne a kan masu lipom. Cinya ce ta fi yawa, sai kafaɗa da baya da wuya da ƙirji da dantse. A cikin waɗanda aka bi sawunsu bayan an cire, babu wanda ƙarin ya yaɗu a jikinsa. Hibarnom ba sankara ba ne kuma ba ya komawa sankara. Laifinsa ɗaya: ya iya shigar burtu. Ya fi lipom tauri, wani lokaci fatar da ke kansa ta fi ta kewaye ɗumi saboda yawan jini, kuma a hoto yakan yi kama da muguwar sankarar kitse da ake kira liposarkom. Nan ne aikin na'ura da na mai karanta ta yake.

Na'urar da aka fi sani a wannan ƙasa ita ce radiyo, wadda ta samo asali daga hasken da Rontgen ya gano a Jamus a 1895. Mutane suna son ta domin ana ba su babban faifai baƙi su koma gida da shi. A kan karaya da huhu ba ta da na biyu a arha, kuma in ana zargin tarin fuka dole a yi ta. A kan ƙullutun hammata kuwa amfaninta kaɗan ne: iyaka ta nuna wata inuwa mai ɗan duhu, ba ta faɗi ko mene ne. Wanda ya biya kuɗin mota daga Gangara ko Falanko don a yi wa hammatarsa radiyo kaɗai, ya sha rana a banza.

Wadda ya kamata a fara da ita ita ce ekogarafi, wadda mata suka taƙaice wa eko, suka kuma san ta a awon ciki. Da amo take aiki, amon da kunne ba ya ji, ta tura shi cikin nama ta saurari amsa-kuwwarsa ta mayar da ita hoto. Asalinta na maƙera ne. A 1955 wani lokotoron mata na Gilasgo a Sikotilan, Iyan Donald, ya loda ƙari iri-iri da aka cire wa majinyata a motarsa, ya kai su wata masana'antar tukwanen tururi, ya gwada su da na'urar da ake neman tsaga a jikin ƙarfe, ya ga tana bambanta mai ruwa da mai tsoka. Ba da daɗewa ba aka kawo masa wata mata da aka yanke wa ƙauna, ana cewa sankara ce ta cika mata ciki. Na'urar ta nuna jakar ruwa ce, aka cire, ta tashi. A 1958 ya buga sakamakon aikinsa.

A hannun wanda ya iya, eko tana warware yawancin rikicin hammata cikin minti goma sha biyar, ba allura, ba haske mai cutarwa, ko mai ciki tana iya yi. Maruru yakan fito kamar tafki baƙi. Kaluluwa lafiyayyiya tana da siffar wake, da farar cibiya a tsakiya. In ta zama zagayayyiya kamar ƙwallon goruba, bayanta ya yi kauri, cibiyar ta ɓace, sai a koma a duba nono da kyau. Ragowar nono tana fitowa sak da naman nonon da ke kusa. Lipom kuwa yakan kwanta kamar ƙwai bisa tsawon fata, da ƴan layuka sirara a cikinsa, yana lotsawa in an danna, kuma idan aka kunna sashen na'urar da ke nuna gudun jini da launin ja da shuɗi, sai a ga cikinsa shiru, ko kusan haka. Hibarnom a nan yake tona kansa: kitse ne a ido, amma jijiyoyin jini sun cika shi kamar saiwar gamba. Duk ƙarin kitsen da aka ga jini yana kai da kawowa a cikinsa haka, ba a taɓa shi da wuƙa a ƙaramar likita.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata masu riƙe da kuɗin lafiya na gunduma su sani. Na'urar eko tana da kawuna iri-iri. Mai lanƙwasa, wanda ake ɗora wa mai ciki, an yi shi don ya hango nesa, cikin zurfin ciki, kuma abin da ke dab da fata ba ya ganinsa sosai. Hammata da nono da wuya suna bukatar miƙaƙƙen kai mai siririn amo, wanda ke tantance abin da bai fi ƙwayar gero biyu ba a ƙarƙashin fata. Asibitin da ya sayi na'ura da kan awon ciki kaɗai ya sayi rabin kaya ne. Haka nan wanda aka koya wa auna kan jariri da duba kwanciyarsa bai zama mai karanta kaluluwa ba sai an ƙara masa horo. Hoton eko ba kamar na radiyo ba ne da za a ɗauka a kai wa wani ya karanta daga baya. Rabin karatun yana hannun mai riƙe da kan na'urar a lokacin da yake juya shi. Yanzu har akwai ƙanana masu aiki da batir, da ake haɗawa da wayar hannu, waɗanda yankewar lantarki ba ta tsayar da su. Jami'ar Damagaram tana da sashen koyon likita, babban asibitin ƙasa yana nan kusa da ita. Horar da mutum biyu ko uku don Tanut da Belbeji, da sayen miƙaƙƙen kai, bai kai kuɗin mota guda ta ofis ba.

Idan eko ta nuna ƙarami ne, yana saman nama dab da fata, siffarsa ta lipom ce tsaf, to magana ta ƙare a nan. Mai shi yana iya barinsa yana lura, ko a cire masa in yana damunsa. Amma akwai alamun da ke sa a wuce gaba, kuma kowa yana iya riƙe su ba sai ya yi karatu ba. Ƙullutun da ya fi santimita 5, wato ya ɗara ƙwan zabo. Wanda ke da tauri, ko ya kafe ba ya motsi, ko yana can ƙasan tsoka. Wanda ya yi shekaru shiru sai ya tashi girma cikin ƴan watanni. Wanda ke ciwo, ko yana kashe yatsu, ko yana kumbura hannu. Wanda aka taɓa cirewa ya dawo. Da kuma wanda ya zo tare da canji a nono, ko rama, ko zazzaɓi da gumin dare.

Mai irin wannan sai ya kama hanyar Damagaram, wajen kilomita 140 daga Tanut bisa hanyar Agadas, ta Bakin Birji. A can ake samun sikanar. Ita kuma wani injiniya ɗan Ingila, Hawnsfil, ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majinyaciya a Landan a 1971. Hasken radiyo take amfani da shi, amma tana yanka jiki fai-fai a hoto, kuma tana auna kowane nama da lamba, abin da ɗan kasuwa zai fahimta da sauri, domin ma'auni ne. Ruwa sifiri ne. Iska tana ƙasa da sifiri da 1000. Tsoka tana sama da sifiri da wajen 40 zuwa 50, ƙashi ɗaruruwa. Kitse yana ƙasa da sifiri da wajen 100, kuma babu wani naman jiki da ke zama a wannan mataki sai shi. Saboda haka ƙarin da aka auna ko'ina a cikinsa aka samu lambar kitse, kitse ne. Hibarnom yakan faɗa tsakanin kitse da tsoka, kuma in aka yi wa majinyaci allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, sai ya sha ruwan ya yi fari, alhali lipom ba ya sha. Sikanar tana kuma nuna wa mai fiɗa inda babbar jijiya ta bi a jikin ƙarin, abin da yake bukatar sani tun kafin ya ɗauki wuƙa. Haskenta ya fi na radiyo yawa ƙwarai, don haka ba a maimaita ta don kwanciyar hankali kawai, kuma mace mai ciki ta faɗi tun a bakin ƙofa.

Sarauniyar wannan aiki ita ce IRM. Babban maganaɗisu ne, ba haske mai cutarwa, ana shigar da mutum cikin wani bututu ya kwanta shiru kamar rabin awa yana jin ƙara kamar ta maƙera. Mai ƙarfe a jiki ya faɗi kafin ya shiga. Dabararta mafi amfani a nan mai sauƙin fahimta ce. A hoton farko kitse yana fitowa fari tas. Sai a umurci na'urar ta kashe hasken kitse kaɗai, a sake ɗauka. Lipom na gaskiya sai ya dushe gaba ɗaya, kamar an hure fitila. In wani abu ya saura yana haske a ciki, curi ne ko shamaki mai kaurin da ya wuce milimita 2, to akwai abin da ba kitse zalla ba. Hibarnom tun a hoton farko bai kai kitsen da ke kewaye da shi fari ba, ba ya dushewa duka, kuma ana ganin manyan jijiyoyi suna ratsa shi. Mutanen jihar Damagaram masu neman IRM sun saba kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900, inda Babban Asibitin Ƙwararru yake, ko su tsallaka Kano, wadda ba ta kai kilomita 300 ba. Rufe iyakar Najeriya daga 2023 zuwa watan Maris na 2024 ya nuna wa masu dogara da hanya ta biyu cewa ba kullum take buɗe ba.

A nan ya kamata a ja kunnen manyan ƴan kasuwa masu zuwa duba lafiya Masar ko Tunusiya ko Indiya. A can akwai wata na'ura da ake kira PET, wadda ake yi wa mutum allurar sukari mai alama, a duba inda ya fi ƙonewa, domin sankara mai cin sukari ce. To jan kitse aikinsa ke nan, ƙona abinci. Saboda haka hibarnom yakan haska a wannan na'ura fiye da sankara da yawa, mai shi ya ga hotonsa ya fara rabon wasiyya, alhali abin da ke jikinsa ba ya kisa. Tsadar na'ura ba ta sa ta daina ruɗuwa.

Gaskiyar da masu na'ura da kansu ba sa ɓoyewa ita ce hoto yana kusantar da amsa, amma hukuncin ƙarshe na madubin binciken nama ne. Akwai liposarkom mai kama da lipom ƙwarai, musamman a jikin dattijo, in ƙarin ya wuce santimita 10 kuma yana da zurfi, har wani lokaci sai an nemi wata alama ta cikin ƙwayar halitta mai suna MDM2 kafin a raba su. Don haka ƙarin da ake shakka a kansa ana tsakuro ɗan namansa da allura, eko tana nuna hanya don a kauce wa jijiya, abin da ya fi muhimmanci a kan hibarnom mai saurin zubar jini. Abin da likitocin sankara na ko'ina suke kuka da shi shi ne fiɗar gaggawa: a ɗauka lipom ne, a tsaga a ƙwaƙulo shi kamar ƙwallon mangwaro, a zubar, bayan wata shida ya dawo ya fi da. A lokacin an riga an watsa ƙwayoyinsa cikin raunin, fiɗa ta biyu sai ta ci nama mai yawa, wani lokaci har da hannun. Lipom da hibarnom kuwa, in an cire su duka da tantaninsu, da wuya su dawo.

Mutanen da ke karanta wannan shafi kashi biyu ne, kuma kowane kashi da irin kuskurensa. Ɗan kasuwa mai hali yakan tsallake likitar garinsu ya tafi kai tsaye inda na'ura ta fi tsada, ya dawo da jakar faifai da ba wanda ya haɗa masa ma'anarsu, domin babu lokotoro guda da ke riƙe da zancensa daga farko. Ma'aikacin gwamnati kuwa yakan jira: ƙarshen wata, takardar ɗaukar nauyi, hutun shekara, sa hannun shugaba. Duka biyun kuma sukan manta da na gida. Matar aure a Olelewa ko Tarka da ta ji ƙullutu a hammata ba lalle ta faɗa wa maigida ba, don kunya, don tsoron a ce za a yanke nono, ko don ta san kuɗin mota ba a hannunta yake ba. Rajistar sankara da aka buɗe a Yamai a 1992 ta daɗe tana nuna sankarar nono a sahun gaba ga matan Nijar, kuma mafi yawansu suna isa asibiti bayan ciwon ya yi nisa. Tun 2007 doka ta ce jinyar sankarar mata kyauta ce a asibitin gwamnati, ko da yake duk wanda ya yi jinya ya san akwai tazara tsakanin takarda da aljihu. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashin sankara da haske, abin da a da sai an fita waje. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da na bincike da rabi a asibitocinta. Duk waɗannan ba su amfanar matar da ba a kai ba. Ungozomar likita mace ce, tana iya duba ta a ɓoye, ta rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma. Wanda zai jira kaka don gero ya shigo ya sami kuɗin tafiya, ya jira in ƙullutun mai laushi ne mai zamewa da ya daɗe bai canza ba. In yana da ɗaya daga alamun da aka ambata, a sayar da akuya a tafi cikin damina.

Saura abu guda, wanda ya fi kowanne arha kuma aka fi mantawa. Duk ƙarin da aka cire, ko mai fiɗa ya rantse kitse ne, ba a binne shi a bayan asibiti, ba a kuma nuna wa dangi a cikin kwano a zubar. Ana sa shi nan take cikin kwalba mai faɗin baki, a zuba ruwan formol wanda ya ninka girman naman kamar sau goma, a rubuta sunan majinyaci da shekarunsa da ranar fiɗa da gefen da aka cire, dama ko hagu, a haɗa da takardar lokotoro da sakamakon eko, a aika ɗakin binciken nama. Shekaru da yawa na jami'ar Yamai ne ke karɓar irin wannan saƙo daga duk faɗin ƙasa. Ruwan rijiya ko na gishiri yana ruɓar da naman kafin mota ta isa Maraɗi, kuma naman da ya ruɓe ba a karanta shi. Sakamako yakan ɗauki makonni, don haka ɗan rakiya ya bar lambar wayar da ke aiki, ya karɓi ta wanda zai tambaya, kuma in takardar ta zo ya mayar da ita ga lokotoron da ya yi fiɗar ya karanta masa, ko da rauni ya riga ya warke.